Daga Kanmu Ruwan Arewa ke Gangarawa

Jama'ar Jos, kafin in ce komai ina roƙonku abu guda. Ranar da aka tafka ruwan farko mai ƙarfi, kowa ya nemi gadar da ta fi kusa da gidansa a kan kogin Dilimi, ya tsaya na minti goma, ya zuba ido ya ga abin da ruwan ke ɗauke da shi. Ni na tsaya a Farin Gada. Ruwan ja wur kamar an dama jar ƙasa, samansa ledar fiya wata ce ba iyaka, ga robobin lemo, ga tsumman katifa, ga kunzugun jarirai, ga mushen akuya ciki ya kumbura, sannan ga wani baƙin maiƙo yana kewaye a gefe, wanda duk mai kai mota gareji ya san inda ya fito. Wata biyu kafin ranar, a daidai wannan wuri, na ga injin ban-ruwa yana zuƙar kogin yana shayar da latas da kabeji da karas. Kayan lambun nan kuwa mu muka saye su, mu muka yanka su, mu muka sa wa 'ya'yanmu a faranti.

Babu baƙon da ya yi mana dakon wannan ƙazanta daga wata ƙasa. Daga hannunmu ta fita. Mukan ce "na zubar," mu kakkaɓe hannu, mu koma ɗaki. To, ka zubar ina? Darasin farko na ilimin muhalli ke nan, wanda ɗalibai ke biyan kuɗi su koya a Jami'ar Jos, alhali a rubuce yake ƙarƙashin kowace gada ta garin nan: abin da aka zubar bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. Ko ya shiga ruwa, ko ya shiga ƙasa, ko ya bi iska, daga nan kuma ya nemi hanyar shiga jikin wani mai rai.

Mu kuma Allah ya ajiye mu a inda wannan magana ta fi nauyi. Garin Jos yana zaune a tsayin mita 1,200 da ɗoriya sama da teku, duwatsun Shere da ke gabas da mu sun haura mita 1,800. Ruwan da ke sauka a kanmu a shekara yana kaiwa kusan milimita 1,400, tun daga Afrilu har Oktoba, ya fi na Kano da na Katsina nesa ba kusa ba. Ruwan nan ba ya zama tare da mu, gangarawa yake yi ta kowace kusurwa. Kogin Kaduna a kan wannan tudu yake tsirowa, ya ratsa birnin Kaduna, ya cika madatsar Shiroro, ya faɗa Neja. Gongola ta gabashinmu take tashi, ta cika Dadin Kowa, ta sadu da Binuwai a Numan. Mada da Shemankar su bi kudu. Shi kuwa Dilimi da muka mayar bola, idan ya bar mu ya shiga ƙasar Bauchi sai ya zama kogin Bunga, ya zama kogin Jama'are, ya shiga fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da ruwan Haɗejiya su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Masunci a Gashuwa bai taɓa ganin Gangare ba, amma yana jefa komarsa a ruwan da ya wanke kwatocin Gangare. Duk ƙasar da ruwanta ke tararowa zuwa kogi ɗaya, gida ɗaya ce a idon masana, na sama kuma shi ne mai riƙe da amanar na ƙasa. Mu ne na saman. Tulun Arewa a tsakar gidanmu aka girke shi, mu ne kuma muke tsoma ƙazamin hannu a ciki.

Ya kamata a ce mun fi kowa sanin cewa ƙasa ba ta mantuwa, domin a kan tabon da aka yi mata muke kwana. Tun kafin Bature ya zo, maƙeran Ririwai suna narka kuza suna sayar wa fatake, iya buƙata, iya ƙarfin hannu. A farkon ƙarni na 20 'yan binciken kamfanin Neja suka bi sawun wannan kuza har suka hau tudun nan, daga nan labari ya sauya. Aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, aka kafa wutar lantarki a Kurra a ƙarshen shekarun 1920 don injinan haƙa, kamfanoni irin su ATMN suka kafa sansani a Bukuru. Da Japan ta ƙwace Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kamo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, talakawan da ba su san sanyin Jos ba, ba bargo ba abincin kirki, da yawa a nan ƙasa ta rufe idonsu. A 1943 abin da aka haƙa ya kai tan 17,000. Wasunmu jikokin waɗannan leburori ne, wasunmu jikokin Birom da Anaguta da Afizere ne da aka ƙwace gonakin accarsu aka mayar da su ramuka. Kowa a cikinmu yana da kaso a wannan tarihi.

Sai kasuwa ta faɗi. A 1985 farashin kuza ya rushe a duniya, manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu. Kuzar ta tafi Ingila ta zama gwangwani, riba ta tafi inda ta tafi. Abin da aka bar mana shi ne ƙasar da aka birkice, wadda ƙiyasin masana ya haura murabba'in kilomita 300, da kududdufai fiye da 1,000 daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barkin Ladi, da tsibin ƙasa jajaye da ciyawa ke ƙyamar fitowa a kansu har yau. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce wanda ya haƙa ya gyara, amma abin da aka cike bai taka kara ya karya ba. Inda aka cike ɗin ma, itacen turare aka dasa, mai saurin girma, mai shan ruwa kamar raƙumi, wanda ganyensa ba ya mayar wa ƙasa da wani abin kirki. Ƙasar sama, wannan baƙa mai laushi da shuka ke ci, takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin kaurin yatsa guda ya taru, domin ruɓaɓɓen ganye da tsutsa da gara da ƙwayoyin halitta ne ke gina ta sannu a hankali. Injin haƙa ya kife ta a yini ɗaya. Wanda ya ci riba daban, wanda ke biyan bashi daban, kuma bashin bai ƙare ba shekara 40 bayan mai cin ribar ya tafi.

Ban ce kududdufan nan ba su da amfani ba. Dubban 'yan lambu da su suke noman rani, ana kiwon kifi a wasu, na Rayfield har wurin shaƙatawa aka mayar da shi. Amma ku je ku tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu da hantsi. Ruwan kore shar, lumui, ko motsi ba ya yi, yaro ya gani ya ɗauka tafki ne irin na ƙauyen kakarsa. Tafki yana da gaɓa mai gangara a hankali, ka shiga iya idon sawu, iya gwiwa, iya ƙugu. Ramin kuza ba shi da wannan. Taku biyu daga baki, ƙasa ta yanke tsaye kamar bangon rijiya, ƙarƙashi kuma laka ce mai riƙe ƙafa, ga sanyin da ke ɗaure jijiya. Unguwa nawa ce a kudancin garin nan ba ta taɓa zaman makokin yaron da kududdufi ya ci ba? Shinge nawa kuka gani? Allon gargaɗi nawa?

Akwai kuma wanda ya fi ramin haɗari, saboda shi ba ya kama da haɗari ko kaɗan. Idan an wanke kuza an tace ta a shagunan sarrafawa, akan bar wani yashi mai nauyi, wani baƙi wani ruwan ƙasa, mai ƙyalli a rana. A cikinsa akwai ma'adinan da ake kira monazait da zirkon, su kuma suna ɗauke da toriyom da yuraniyom, masu fitar da wani turiri da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, fata ba ta ji. Masana daga Jami'ar Jos da Jami'ar Ibadan da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun auna irin wannan yashi a wuraren sarrafa kuza na Jos da Bukuru da Bisichi, sun tarar turirinsa ya ninka na ƙasar yau da kullum sau da yawa. Kada wani ya firgita ya ce wucewa ta gefensa zai kashe shi. Lissafin guba, yawa ne da daɗewa. Wanda ya wuce sau ɗaya bai ɗauki komai ba. Wanda ya yi shekara 20 yana shaƙar ƙurarsa a shago ba takunkumi, ko ya yi wa ɗakin kwanansa filasta da shi saboda ya same shi a arha, ya rufe taga saboda sanyin Disamba, ya kwantar da jariri a ciki, shi ne ke tara wa huhunsa da jininsa abin da kan iya zama ciwon daji. Toriyom kuma ba ya tsufa irin tsufanmu: sai ya shekara kusan biliyan 14 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu. Magina, don girman Allah ku tambayi inda yashin da aka kawo muku ya fito. Iyayena mata masu suyar gyaɗa, kada ku zuba yashin kuza a kasko komai kyansa. Masu shagunan kuza, yaran da ke muku aiki 'ya'yan wasu ne, ku ba su abin rufe hanci, ku killace tarin yashin nan, ku daina barin iska da ruwa suna raba shi gida-gida.

Mu koma lambu, domin a nan abin ya fi taɓa zuciyata. Manoman bakin Dilimi gwanaye ne, ba na yarda a raina su. Sun karɓi ƙasar da kuza ta kashe, sun raya ta har tana ciyar da Jos da Abuja da garuruwan kudu. Dabararsu tsohuwa ce: tokar bolar gari, wadda ke kashe tsamin ƙasa ta ƙara mata ƙarfi. A zamanin da bolar gari toka ce ta murhu da ɓawon doya da kashin awaki, wannan taki ne mai kyau. Na tsuguna kusa da wani dattijo yana rairaye tokar da aka sauke masa a gona, na ga abin da ke saura a kan rariyarsa: fasassun kwalabe, ƙonannun batura, guntun waya, murfin gwangwanin fenti, allon cikin tsohuwar rediyo. Ya tsince su da hannu ya watsar gefe, ya ce mini ai wuta ta cinye dafin. Baba, wuta ba ta cin ƙarfe. Tana cinye takarda da tsumma, ta bar dalma da kadmiyom a cikin tokar, sun ma fi taruwa fiye da da. Saiwa ta zuƙa, ganye ya ajiye, mu ci. Jiki kuma ba ya iya fitar da su da sauri, sai su yi ta taruwa a ƙashi da ƙoda shekara da shekaru. Dalma ta fi cutar da ƙananan yara, tana dakushe ƙwaƙwalwa tun kafin a ga alamar ciwo, kuma likitoci ba su san wani adadinta da za a ce ba shi da illa ga yaro ba.

Wanda ke ganin wannan tatsuniya ce ya tuna Zamfara. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane suka riƙa kawo duwatsun zinariya gida suna daka su a tsakar gida, ba su san akwai dalma a ciki ba. Yara fiye da 400 suka rasu. Iyayen nan ba mugaye ba ne, neman abinci suke yi kamar kowa, ba wanda ya gaya musu. Mu ga shi ana gaya mana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi.

Maganin kuma ba a Turai yake ba. Ku dubi tulin ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir da ake kwashewa daga kasuwar Farin Gada kullum. Wannan taki ne tsantsa, mu muke lalata shi da muke cakuɗa shi da batir da leda. Kowane gida ya ware bokiti biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na abin da ba ya ruɓewa. Mataccen batir kada ya shiga wuta, kada ya shiga kwata. Makanikai su tara baƙin mai a jarka, akwai masu saye. Wannan bai buƙaci kasafin kuɗin gwamnati ba.

Sannan mu tuna daren Lahadi 22 ga Yulin 2012, cikin kwanakin farko na azumi. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwa ya tumbatsa daga wajen madatsar Lamingo, ya biyo ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo mutane suna cikin gidajensu. Fiye da mutum 30 suka rasu, har da mata da yara, gidaje wajen 200 suka rushe. Allah ya jiƙansu. Mun yi imani da ƙaddara, amma imani da ƙaddara bai hana mu tambayar me ya sa ruwan ya zo da wannan fushi ba. Ruwan sama idan ya sauka a kan dutse mai bishiyoyi da ciyawa, ganye ya tare shi, saiwa ta buɗe masa hanya ya nutse, ya cika rijiyoyinmu, ya riƙa tsattsafowa cikin kogi a hankali har rani. Idan an sare bishiyar an yi gawayi, an fasa dutsen an sayar da tsakuwa, an shafe tsakar gida da siminti, an rufe sama da kwano, to ruwan da ya kamata ya yi wata yana tafiya sai ya iso cikin awa ɗaya. Ya iso ya tarar da magudana cike da leda, ya tarar an yi gini a kan hanyarsa. Kowane kogi yana da filin da yake miƙe ƙafa idan ya cika, ko da sau ɗaya ne a shekara 20, kuma ba ya neman izinin mai takardar fili. Sare bishiyar nan da ta kawo ambaliya a Yuli, ita ce ke ƙafar da rijiya a Maris, har mata su kwana a layin famfo. Ciwo ɗaya ne mai fuska biyu. Ku je Rikkos yau ku ƙirga gidajen da aka sake ginawa a daidai inda ruwa ya share.

Wanda ke son ganin yadda tudun nan yake idan an bar shi ya huta, ya je dajin Amurum a Laminga, 'yan kilomitoci gabas da gari. Ɗan ƙaramin daji ne da mutanen wurin suka kare tun kakanni, yanzu cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis ke aiki a ciki tare da Jami'ar Jos. An ƙirga tsuntsaye kusan iri 300 a wannan ɗan wuri, har da waɗanda a nan yankin aka fara gano su a duniya. Tsuntsu ke baza irin bishiya, shi ke cinye ƙwarin gona, bishiya ta riƙe ƙasa, ƙasa ta riƙe ruwa. Zare ɗaya aka ja, sauran saƙar sai ta fara warwarewa. Malaman makaranta, ku kai yara can su gani da idonsu.

Yanzu kuza ta sake daraja, samari sun koma ramukan loto, suna sauka da igiya cikin rami mai zurfin gaske ba abin tokare bango, mata da yara suna wanki a bakin rafi. Ba zan zagi mai neman abin sa wa a baki ba. Na san abin da rashin aiki ke yi wa saurayi. Amma muna jin labarin ramukan da ke ruftawa da mutane a Bassa da Barkin Ladi da Jos ta Kudu, muna ganin yaran da suka bar aji suka ɗauki kwano. A watan Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a kan umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. Mai girma Gwamna, umarni a takarda mataki ne, amma rami ba ya cikuwa da takarda. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara inda ya ɓata. A tilasta wa manyan dillalan da ke sayen kuzar nan su ajiye kuɗin cike rami tun kafin su ɗauki buhu ɗaya. A auna ruwan kududdufai ɗaya bayan ɗaya, a kafa allo da Hausa da Birom da Turanci: wannan a yi ban-ruwa da shi, wannan kada a kusance shi. Hukumomin kare muhalli, PEPSA ta jiha da NESREA ta tarayya, da hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, aikinku ne, muna jiran ganinku a unguwanni. An yi mana ɓarnar kuza ta farko muna ƙarƙashin mulkin mallaka ba mu da baki. Ta biyun nan da hannunmu ake yi.

'Yan'uwana, tun rikicin 2001 garin nan ya rabu, unguwa ta koma ta waɗannan, unguwa ta koma ta waɗancan, akwai titin da wasu ke tsoron tsallakawa. Dilimi bai san wannan iyaka ba. Yana ɗauko sharar unguwar da ke sama ya ajiye a ƙofar unguwar da ke ƙasa, ba ya tambayar sunan mai gida ko inda yake ibada. Ba unguwar da za ta iya gyara shi ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamai a kan mumbarin Juma'a, fastoci a ranar Lahadi, ku ba wannan magana minti biyar, jama'a suna jin maganarku fiye da ta kowane jami'i. Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, ku daina sa hannu a cinikin filin da ke cikin hanyar ruwa, ko nawa aka kawo. Masu gini, ku bar wa ruwa inda zai nutse a tsakar gida, ku dasa atili ko ɗorawa ko maɗaci ko mangwaro, kwalejin gandun daji tana nan cikin gari, a je a nemi dashe da shawara.

Matasa kuma, ku nake jira. Ku da kuka iya tara ɗaruruwan mutane don ƙwallo ko don kamfen, ku tara su don wannan. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar gari, kowace unguwa ta aika wa unguwar da ke sama da ita da wadda ke ƙasa da ita cewa a haɗu a bakin gada da ƙarfe bakwai na safe. A zo da shebur da manjagara da buhuna da safar hannu, a nemi motar kwasar shara tun ranar Alhamis don kada abin da aka kwashe ya kwana a bakin kogi ruwa ya mayar da shi. Wani ya riƙe littafi ya rubuta kowace magudana da ta toshe, kowane rami da ba shinge, kowane tarin baƙin yashi da ke kusa da gidaje, a kai wa mai unguwa da kansila, a ajiye kwafi, a koma a tambaye su bayan wata guda. Mu fara daga ƙarƙashin gada, kafin hadarin gabas ya sake haɗowa.